Takunkumina da Shugabar Matan Cocinmu

Shekara uku kafin a san wani abu wai shi korona na fara rufe hanci da baki. Lokacin ina aikin buga takardu a ofishin wata makarantar firamare, muna haya a Bulabulin ni da maigidana, shi kuma yana koyar da lissafi a sakandare. Iyayenmu daga kudancin Borno suka zo, amma ni a Maiduguri aka haife ni, kuma da tari aka haife ni. Mahaifiyata ta ce tun ina goye take jin ƙirjina yana ƙara a bayanta kamar tukunya ta fara tafasa. Sau biyu aka ɗora ni a kan maganin tarin fuka, na sha har ƙarshe, alhali ba a taɓa ganin ƙwayar cutar a jikina ba.

Sai da na haura talatin wani likita a babban asibiti ya gano kan abin. Ya ɗaga hoton ƙirjina ya duba, ya juya shi, ya ce in koma a sake ɗauka don mai ɗaukar ya yi kuskure. Aka sake, ya fito yadda na farko ya fito. Zuciyata a dama take. Ya yi ta aike da ni gwaje-gwaje wajen wata biyu, sannan ya zaunar da ni da maigidana ya yi mana bayani. Ya ce a hanyoyin iska na kowane mutum akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, su ne suke share majina da datti su turo waje. Nawa ba sa motsi. Haka aka haife ni, ba ya warkewa, ba kuma a ɗaukarsa. Amma murar da wani zai yi kwana uku ya wartsake, ni za ta iya sauka ƙirjina ta kwantar da ni.

"Duk inda mutane suka taru, ki rufe hanci da baki," in ji shi. Ya ciro abin rufewar guda biyar daga aljihun teburinsa ya ba ni, masu ruwan shuɗi, irin waɗanda likitoci suke sawa a ɗakin tiyata.

A garinmu a wancan lokacin rufe fuska ba ƙaramin abu ba ne. A shingen bincike sai na sauke an kalle ni, a ƙofar coci ma haka. Ban taɓa jin haushin masu binciken ba, na san abin da suke tsoro, ni ma ina tsoronsa. Wadda ta dame ni tana cikin coci, a kujerar gaba.

Ita ce shugabar zumuntar mata. Mama Shugaba muke ce mata, ko da ba ta wurin. Mijinta dattijon ikilisiya ne, ita kuma tana da kemis a Gamboru. Ta taɓa halartar bitar mako biyu a kan kiwon lafiya, aka ba ta takardar shaida, ta sa ta a gilashi ta rataye a falonta sama da hoton aurenta. Tun daga ranar babu ciwon da ba ta sani ba. Kowa ya ce kansa na ciwo, taifot ne. Kowa ya rame, an yi masa wani abu daga ƙauye. Tana da murya mai cika ɗaki, kuma ta lura tun da wuri cewa idan ta ɗaga ta mutane suna yin shiru, sai ta ɗauka shirun yarda ne.

Ni ce mai buga tulu a zumunta. Idan mata suka tashi waƙa, tulun ne yake riƙe musu ƙafa, kuma ba yabon kai ba, na iya. Numfashina bai taɓa isa in ja waƙa ba, amma hannuna bai taɓa kuskure ba.

Ranar Talatar da na fara zuwa taro da abin a fuskata, ina shiga ta dakatar da maganar da take yi.

"Ke 'yata, wa ya sa miki takunkumi? Hatsin wa kika ci?"

Mata suka kwashe da dariya. Jaki ake sa wa takunkumi don kada ya yi ɓarna a gona, kowa ya san haka. Daga baya da rediyo ya fara kiran abin da wannan sunan, sai ta riƙa cewa ita ta raɗa masa.

Na tsaya na yi musu bayani yadda likita ya yi mini. Ta saurara tana kaɗa kai irin na wanda ya riga ya san ƙarshen labari. Da na zo kan maganar zuciya, ta taso ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina ta hagu, ta rufe ido.

"Ga ta nan tana bugawa lafiya lau," in ji ta. "Ina jin ta sarai."

Ta juya wajen mata ta ce tarin fuka ne, likitocin yanzu ba sa son faɗa wa mutum gaskiya. Talatar da ta biyo na tarar an ware mini kofi, an ɗaura masa jan zare a mariƙi. An kuma kai tuluna bencin ƙarshe, bakin taga. Bakin tagar ya yi mini daɗi, akwai iska, akwai inuwar dogon yaro. Amma na san ba don jin daɗina aka kai ni ba.

Bayan wata biyu da ta ga ba wanda ya kamu da komai, sai ta sauya magana. Yanzu ba tarin fuka ba ne, rashin bangaskiya ne. Ba ta kiran sunana, sai dai ta tsaya a gaba ta ce akwai waɗanda suka fi dogara ga ƙyalle a kan Ubangiji, akwai masu ɓoye bakin da aka ba su don yabo. Mata su ce amin. Waɗannan matan su ne za su tare ni a hanyar gida, su rage murya, su ce in yi haƙuri, halinta ne. Akwai wadda ta riƙe hannuna har idonta ya kawo ruwa, ta ce abin da ake yi mini bai dace ba. Talata na zagayowa amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi. Ita Mama ko ba komai ta yarda da shirmenta. Su kuwa sun san gaskiya, suna tsoron a cire su daga kwamitin girki ne kawai.

Wata Asabar da rana ta zo gidana da mata huɗu, wai ziyarar mara lafiya. Maigidana ba ya nan. Ɗaya daga cikinsu tana fama da mura, tana ta jan hanci tana sharewa da bakin zane. Na yi sauri na sa takunkumina, na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Mama ta ce a'a, addu'a a ɗaki ake yi. Muka shiga, ta tura ƙofa. Suka kewaye ni, suka ɗora mini hannu. Ana tsakiyar addu'a na ji yatsa ya shiga bayan kunnena. Ta zare igiyar, ta ciro kwalbar man zaitun daga jakarta, ta shafa mini a hanci da leɓe. Mai murar tana saitin fuskata tana addu'a da iyakar ƙarfinta.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni ture hannunta. Amsar ba ta da daɗi. Sa'ar mahaifiyata ce, a ɗakina take, kuma sunan Allah take kira. An rene ni a kan cewa ba a katse babba, balle yana addu'a. Na tsaya kamar gunki, mai yana gangaro mini a haɓa.

Ranar Laraba zazzaɓi ya rufe ni. Juma'a aka ba ni gado. Na yi kwana goma sha ɗaya ana yi mini allura ta jijiya, maigidana yana bubbuga mini baya safe da yamma don majinar ta fito. Mama ta zo dubiya sau ɗaya da lemo guda shida. Ta ɗauki katin da ke rataye a ƙafar gado ta duba, ta ce da ita ce da ba wannan maganin za ta ba ni ba. Ta kuma gaya wa matan cewa ciwon ne yake fita, shi ya sa ya yi tsanani. Maigidana ya so ya je ya same ta, na hana shi, don na san mijinta ne yake sa hannu a duk takardar da mutum zai nema daga coci.

Da na dawo gida maƙwabciyata ta shigo gaishe ni. Babarbariya ce, dattijuwa, Hausarta a karye, ba ta taɓa shiga aji ba. Gidanta kullum cikin turaren wuta yake, har kan titi ana jin ƙamshin. Ta tambaye ni abin da likita ya hana, na lissafa mata, har da hayaƙi. Tun daga ranar, idan ta ji sallamata sai ta ce, "Madam, tsaya," ta ɗauki kaskon turaren ta kai bayan gida, ta kaɗa labule, sannan ta ce in shigo. Idan jikokinta suna mura takan aiko a ce kada in zo. Sau ɗaya na yi mata bayani.

Sai korona ta zo. Aka rufe majami'u na ɗan lokaci, da aka buɗe aka ce kowace ta naɗa mai kula da tsabta. Ba a ma yi shawara ba, wa ke da takardar shaida in ba Mama ba? Ranar Lahadi na tarar da ita a bakin ƙofa kusa da bokiti mai famfo, tana mayar da duk wanda ya zo fuska a buɗe. Nata takunkumin yana ƙasan hanci. Idan za ta yi wa mutum faɗa sai ta ja shi zuwa haɓa don a ji ta da kyau, ta matso har sai ka ji ɗumin bakinta.

Ana cikin sanarwa ta karɓi makirfo ta kira ni gaba.

"Ku dubi wannan 'yar tawa. Shekara nawa ina cewa ku yi koyi da ita? Wa ya saurare ni?"

Aka tafa. Na duba fuskokin matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga wadda kunya ta kama. Duk suna tafi.

Bayan mako biyu wasu ma'aikatan agaji suka zo raba sabulu da bokitai. Shugabarsu matashiya ce mai natsuwa. Mama ta jawo ni ta gabatar da ni kamar wata akuya da ta yi kiwo ta yi ƙiba. Matashiyar ta tambaye ni tun yaushe nake sawa, kuma wa ya ba ni shawara. Kafin in buɗe baki Mama ta amsa.

"Ni ce. Da na duba ƙirjinta na ji yadda yake, na ce mata 'yata, ki rufe. Mutane suna dariya, na ce ki ƙyale su."

Matashiyar ta rubuta. Ta dube ni tana jiran in ƙara wani abu. Na ce, "Haka ne." Wannan kalmar har yau tana ci mini rai fiye da man zaitun. Amfanin takunkumi ɗaya shi ne ba wanda ya ga yadda bakina ya yi lokacin da na faɗe ta. Da za a ɗauki hoto, Mama ta rungumo kafaɗata, ta sauke nata don haƙoranta su fito.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, wannan shekarar ce mafi sauƙi a rayuwata. Mutane suna rufe baki, ko da rabi da rabi ne. Mai mura yana jin kunyar tari a cikin jama'a. Ba mai kama hannuna, ba mai kallona a cikin keke. Na yi kusan shekara ban kwanta a asibiti ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina yarinya. Har ƙiba na yi. Na gane cewa abin da nake roƙo shekara da shekaru bai fi ƙarfin mutane ba, sun iya sarai idan tsoron na kansu ne.

Mama ba ta tsaya nan ba. Ta sa tela ya ɗinka takunkumi da ragowar atamfar ankon zumunta, ninki uku, mai kauri, da sitaci a jiki. Ta ce kowace mace ta sa don mu zama iri ɗaya. Na gwada a gida, ban yi taku goma ba na ji kamar an danna mini matashi a fuska. Na je mata da shi a hannu na ce ba zan iya ba.

"Kowa ya iya sai ke?"

"Mama, huhuna ba irin na kowa ba ne."

"To ki ɗora shi a kan naki. Shuɗin nan yana ɓata mana layi."

Ban ɗora ba. Wannan ne karo na farko da na ƙi bin maganarta, kuma ta riƙe.

Da tsoro ya wuce, komai ya koma yadda yake cikin wata ɗaya. Bokitin ƙofa ya koma ɗakin girki. Takunkuman anko na ga ana sauke tukunya da su. Aka dawo gaisawa da hannu, aka dawo yi wa juna tari a fuska. Ni kaɗai na rage, sai aka dawo kallona. Wani a kasuwa ya ce, "Hajiya, ai an gama, ba a gaya miki ba ne?" Wannan bai san ni ba, na yafe masa. Amma matan da suka yi shekara suna shaƙar zufarsu a cikin ƙyalle, suka san yadda yake jiƙewa a zafin watan huɗu, yadda igiyar take yanka bayan kunne, su ma suka fara tambayata yaushe zan cire, kamar don ado nake sawa.

Shekarar da ta biyo aka gayyaci zumuntarmu babban taron mata na gunduma, kowace ikilisiya za ta yi waƙa, za a ɗauki bidiyo. Muka yi wata biyu muna koyo. Saura kwana huɗu, bayan an tashi, Mama ta ce in tsaya. Sakatariya tana gefe tana haɗa littattafai, tana yi kamar ba ta ji.

"Ranar taro za ki cire abin nan," in ji Mama. "Minti goma ne kawai."

"Mutum nawa za su taru a zauren?"

"Ai cutar ta wuce."

"Tawa ba ta wuce ba, Mama."

"Idan aka gan ki a bidiyo za a ce akwai mai tarin fuka a cikinmu. Ko a ce mu 'yan ƙauye ne ba mu san an daina ba. Ki zaɓa, ko ki cire, ko matar ɗana ta buga."

Na dube ta da kyau, wataƙila karo na farko. Tsohuwa ce mai gumi a goshi, hodar fuskarta ta taru a cikin tamoji, ba ta san komai ba, ba kuma za ta taɓa sani ba, don babu ranar da ta yi shiru ta ji ƙarshen maganar wani. Na yi mamakin shekarun da na ɓata ina tsoronta.

Na ce, "Mama, kin tuna ranar da kika ɗora hannu a nan kika ce kina jin zuciyata? Babu komai a nan. Kin tuna man zaitun? Kwana goma sha ɗaya na yi a gado saboda ke. Kuma ba ke kika ce in rufe hanci ba, ke ce kika tambaye ni hatsin wa na ci."

Ban ɗaga murya ba, ba ni da numfashin yin haka. Ta juya wajen sakatariya ta ce, "Kin ji ko? Ciwon ya fara taɓa mata kai." Sakatariya ta ci gaba da jera littattafan da ta riga ta jera.

Matar ɗanta ce ta buga a taron. Na ga bidiyon a wayar wata. Bugun tulunta yana gaba, waƙar mata tana baya tana bin sa da gudu, mai jan waƙa tana ta waiwaye. Da suka dawo Mama ta ce makirfo ne bai da kyau.

Na daina zuwa zumunta. Bayan wata ɗaya fasto ya kira mu ofishinsa don sulhu. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya son a ce wani ya yi laifi. Ya karanta mana aya, ya ce uwa da 'ya ba sa rabuwa. Ya dubi Mama. Ta gyara zama, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ta yi addu'a a kan maganar, kuma ta yafe mini.

"Me kika ce?" Fasto ya tambaye ni, fuskarsa cike da murna.

"Na ji, Baba Fasto."

"To za ki koma ranar Talata?"

"A'a."

Ya ce in yi tunani. Na ce na yi. Mama ta ce a bar ni, masu irin ciwona haka suke, ta karanta a bita.

Yanzu sujadar farko nake zuwa, ta sassafe, wadda mutane ba su da yawa. Da Turanci ake yin ta, rabin wa'azin yana wuce ni, amma benci guda nawa ne ni da maigidana. An sake zaɓen Mama karo na uku, ba hamayya. Wasu daga cikin matan suna kirana a waya su ce zumunta ba daɗi tun da na tafi, in ce musu Allah ya kyauta.

Watan jiya ina fitowa daga sujada muka yi karo da ita a ƙofa, tana tare da wata baƙuwa, matar sabon malamin makarantar Lahadi. Ta kamo gefen gyalena.

"Wannan 'yata ce," ta gaya wa baƙuwar. "Tana da ciwon ƙirji mai wuyar sha'ani. Ni nake kula da ita tun farko."

Baƙuwar ta dube ni da tausayi, ta ce Allah ya saka wa Mama. Na zare gyalena a hankali, na ce, "Ina kwana, Mama," na wuce bakin titi inda maigidana ya riga ya tsayar da keke.